SABON MUSHE A ƘETAREN IYAKA

Jawabin da ɗiyan garinmu masu aikin koyarwa a Najeriya sunka gabatar a babban taron ƙungiya. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.



Mai gari, liman, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu na gida da na ci-rani, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa, muna yi ma waɗanda sunka taso daga nesa barka da hanya. Mun gode da kunka ba mu wanga fili. Mu ɗiyanku ne, ba mu isa mu yi ma manya wa'azi ba. Labarin aikinmu munka kawo, don ku ji shi daga bakin masu shi.

Ga dalilin magana. Kusan kowace shekara ana samun yaro ko yarinya daga garin nan da ƙauyukan kewaye wanda ya gama makarantar horon malamai ta Maraɗi ko ta Damagaram, ko ya fito jami'a, ko kuwa ya gaji da jiran kuɗɗin kwantaragi, sai a kira shi koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗɗi a Katsina, ko Kano, ko Sakkwato, ko Zariya, har Abuja. Wasu su zauna, aiki shi karɓe su. Wasu kuwa ba su kai ƙarshen shekara, sai ka gan su sun komo hannu wofi, ga bashi, ga ɓacin rai tsakaninsu da gida. Mu da munka daɗe can mun zauna mun auna abin da ya raba waɗanga da waɗancan. Ba ƙarancin ilimi ba ne, don cikin masu komowa akwai waɗanda sunka fi mu takardu. Abin da munka gano shi ne, shekarar fari ta koyo ce. Sabon mushe sai ya yarda ya koma ɗan lakwal shekara guda, mutanen gida kuma sai sun yarda sun bar mashi wagga shekara. In ɗaya cikin biyun nan ya ƙi, tafiya ta ɓaci.

1. KUSA NE, AMMA BAƘUNCI NE

Wanda za shi Abijan ko Kumasi ko Libiya ya san shi baƙo ne tun daga tasha, da kunne buɗe shike tafiya. Mai zuwa Katsina fa? Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, zuwa Jibiya, zuwa birnin Katsina, tafiyar safiya guda ce. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Dattawa sun fi mu sanin tarihi: bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta ne sunka yo arewa sunka kafa Maraɗi, iyaka kuwa sai tsakanin 1906 da 1908 turawan Faransa da na Ingila sunka bi daji suna kafa alamunta. Saboda haka yaro kan sauka mota shi ji kamar gidan kawu ya zo. A kasuwa da masallaci hakan ne. Amma ran da ya shiga ƙofar makaranta, ya shiga gidan da Ingilishi ya gina, shi kuwa tarbiyyar Faransi gare shi. Nan ake tuntuɓe, don wanda bai san shi baƙo ne ba, ba shi tambaya.

Ko Hausar ma sai an sake kunne. Mu in mun ce turanci, na Faransa muke nufi, su kuwa na Ingila. Mu ce lakwal, su ce makaranta. Mu ce mushe, su ce malam ko ticha. Diraktanmu shi ne hedimastansu, a sakandare kuma furinsifal. Wajen kuɗɗi abin ya fi haɗari. Mu da dala muke ƙirga, in mai tebur ya ce ɗari, sefa 500 ke nan. Can ɗari naira 100 ce cif. Jikkarmu sefa 1,000 ce, jakarsu naira 200. Yaran Kano za su yi dariyar Hausarka, su kwaikwaye ka da ka juya baya. Kada ka ɗauka da zafi. Ka yi dariya tare da su, ka tambaye su ƙaƙa suke faɗi. Malamin da ya roƙi yaro kalma guda ya samu kan ajin.

2. TAKARDU KAFIN KAYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin yaro shi ɗaure kaya, shi tara katin ɗan ƙasa da fasfo da takardar haihuwa da katin allura, da takardun karatunshi na asali tare da kofe masu hatimi. Shi bar kofe ɗaya gida hannun wanda ya yarda da shi. Shi sa a juya mashi takardun karatun zuwa Ingilishi wurin wanda hukuma ta sani, don hedimasta bai san mi ake kira BEPC ko bak ba, takardar da bai iya karantawa kuwa ba ta da daraja gare shi.

Da can bisa yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 muke tafiya, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƴar'uwarta ba biza har kwana 90, mai niyyar zama da aiki kuwa shi nemi katin zama wurin ma'aikatan shige-da-fice. Kun sani Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025. A ranar CEDEAO ta yi sanarwa cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katinmu, su bar mutanenmu su shiga su zauna kamar da, har sai an sake magana. To abin da anka ɗaura ma sharaɗi irin wanga aro ne, mai kayan aro kuwa ba shi sakin jiki. Duk mai tafiya shi biya ƙaramin ofishin jakadancinmu na Kano ko babban na Abuja, shi yanki katin da ke shaida can shike zaune, shi tambayi dokar da ke ci a lokacin.

Ba tsoro muke ba ku ba. Cikin taron nan akwai dattawan da sunka ga Nuwamba 1969, da Gana ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Akwai waɗanda sunka kwana bakin iyaka a Janairu 1983, da Najeriya ta kori baƙi sama da miliyan guda, sannan ta sake a 1985. Mu ma nan, a ƙarshen 1963, gwamnati ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, har da masu koyarwa a lakwal. Ran da siyasa ta juya, ba a tambayar baƙo iya aikinshi, takarda ake tambaya.

Akwai wata gajeruwar hanya da za a nuna ma yaro tun satin fari. Wani za shi ce mashi: "Kai da Hausa a bakinka, mi za ka yi da katin baƙi? Kawo kaza a yi maka takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma." Iyayenmu, ku ja kunnen ɗiyanku kan wanga. Laifi ne a dokar can. Kuma wanda ya yi maka takardar ya riƙe wuyanka ke nan. Ran da kunka ɓata, ko ran da wani ya so kujerarka, magana ɗaya ta isa. Lambar shaida ta NIN, wadda ake nema wajen layin waya da banki, baƙon da ke zaune bisa doka ma ana ba shi ita da sunan ƙasarshi.

Sannan Najeriya tana da hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993, kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ita ke auna takardun waje ta faɗi daidai da mi suke. Makarantar kuɗɗi tana iya ɗaukar mutum ba tare da wanga ba, amma mai son daɗewa da ƙarin girma shi fara bin hanyar tun shekarar fari.

3. TSARIN MAKARANTAR CAN

Mu shekara 6 muke yi daga CI zuwa CM2, 4 a kwaleji, 3 a lise. Su 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, jarrabawar fita kuwa ita ce ta WAEC da ta NECO. Mu muna shiga a Oktoba mu tashi wajen ƙarshen Yuni. Su suna shiga a Satumba, zango uku, sai cikin Yuli su tashi. Mu bisa 20 muke ba da maki, mai 10 ya tsira. Su bisa 100 ne, an raba shi biyu: kashin gwaje-gwajen cikin zango da kashin jarrabawar ƙarshe.

Maganar maki tana da baya. Mu an yi mana tarbiyyar rowa: wanda ya samu 14 bisa 20 gwani ne, a shifta kuwa kuskure biyar sifiri ne. Can yaro mai ƙoƙari ya saba ganin 80 da 90. Mushen da ya ba na ɗayan aji 60, shina ganin ya yi kyauta, gobe za shi tarar da uban yaro ofishin hedimasta. Ba mu ce a ba yaro abin da bai ci ba. Amma awo ya bambanta, tiyar kasuwar nan ba ita ce mudun kasuwar can ba. Ka karɓi takardun jarrabawar bara wurin abokan aiki ka ga yadda suke yin tambaya da yadda suke raba maki, sannan ka yi naka. Ka tuna kuma a makarantar kuɗɗi iyaye ke biya, suna da baki, maimaita aji ba abu ne mai sauƙi ba kamar gida.

Ga kuma ƙananan al'adu da ba wanda za shi faɗa maka don suna ganin kowa ya sani: sa hannu a littafin zuwa kafin taron safe, tsayawa tare da yara lokacin taken ƙasa, kai littafin shirin darasi kowane sati a duba a sa hannu, bin jerin darussan zango kamar yadda anka tsara, satin da kai ne mai tsaron fili da ƙofa. Magani ɗaya ne. Ka nemi tsohon malami mai haƙuri cikin makarantar, ka gaishe shi gaisuwar uba, ka ce ka zo koyo. Matambayi ba shi ɓata.

4. CIKIN AJI

Nan ne ainihin aikin, ku ƙara mana haƙuri mu ɗan daɗe.

A gida da Faransanci anka koya mana lissafi da tarihi da kome, yaro shina jin shi tun safe har a tashi. Can darasi ne cikin darussa, sau biyu ko uku a sati, minti 35 ko 40 kowane. Da an kaɗa ƙararrawa ya ƙare, yaro ba za shi sake jin kalma guda ba sai darasi na gaba. Gaskiya ne a 1996 Janar Sani Abaca ya ce Faransanci za shi zama harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta 1998 da ta 2004 sunka rubuta hakan, kuma tun 1991 akwai cibiyar koyon Faransanci a Badagiri kusa da Legas. Amma a titin Kano ba mai sayen goro da shi. Mushen da ya zo da salon CM2, ya cika allo da nahawu da jadawalin fi'ili, cikin wata guda ya kashe ajin.

Abin da munka ga shina ci shi ne a fara da baki kafin alli. Gaisuwa, suna, gida, ƙirga, ciniki. Kalma biyar ko shidda sun isa darasi guda, a juya su har su zauna. Ka maida aji kasuwa: wanga mai albasa, waccan mai tumatir, a yi tayi a yi ragi da Faransanci. Yaron da ya koma gida ya gaida uwatai da sabon harshe ranar fari, gobe shi za shi riga ka shiga aji. Ka kuma gaya masu amfanin abin, don yaro ba shi wahala kan abin da bai ga ranarshi ba. Ƙasashe huɗu ke da iyakar ƙasa da Najeriya, Nijar da Benin da Cadi da Kamaru, dukansu ana aiki da Faransanci cikinsu. Iyayen wasu yaran ma fatake ne masu zuwa Maraɗi da Kwatano da Lome.

Muna da wani makami da malamin da ya zo daga kudu ba shi da shi, wato Hausa. Ingilishi ba shi raba kaya namiji da tamace, shi ya sa le da la ke ruɗa yara. To Hausa tana rabawa. Ka ce masu: kun san gida namiji ne, mota tamace? Haka Faransi ma shike yi. Sai ka ga ido ya buɗe. Sannan ka ja kunnensu cewa rabon ba ɗaya ba ne: rana a wurinmu tamace ce, le soleil namiji, wata namiji ne, la lune tamace. Mun kuma san inda harshen Bahaushe ke sarƙewa, wajen p da f, wajen v da b, don ta nan munka biyo, mun san maganin. Abin da ya rage ka koya shi ne ruɗin da Ingilishi ke kawowa. Sunan harafin e a Ingilishi shi ne sunan i a Faransanci. Sunayen g da j kuwa musanya sunka yi tsakanin harsunan biyu. In ba ka san wanga ba, kana faɗin harafi suna rubuta wani. Ƙirga daga 70 zuwa 99 ita ma sai a hankali, don yaro za shi yi mamakin jin 90 ita ce ashirin huɗu da goma.

Koyarwa ta hanyar harshen uwa ba baƙon abu ba ne gare mu, tun 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram. Amma makarantun kuɗɗi da yawa can suna hana Hausa cikin aji. Ka tambayi hedimasta tun fari, ka nuna mashi gada kake so ka yi da ita, ba wurin zama ba.

Sai Ingilishi. Wanda munka yi a kwaleji ba shi kai mutum taron malamai, balle rubuta ma iyaye bayani a katin sakamako. Sabon mushe shi ware awa guda kullum, shi yi musanya da malamin Ingilishi, kowa shi koya ma ɗan'uwanshi. Ba asara ba ce. Kundin da Nijar ta kafa a Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Wanda ya komo da ukun nan ya komo da jari.

Abu na ƙarshe cikin aji: bulala. Ko ka ga ɗan gari shina duka, kai kada ka ɗaga hannu. In tsautsayi ya gitta, shi yana da dangi bayan katanga, kai naka suna ƙetaren iyaka. Ka kai ƙara wurin wanda makaranta ta ɗora ma horo.

5. ALBASHI DA CANJI

Kafin a fara aiki a yi magana a rubuta: nawa ne, ran nawa ga wata, ana biya lokacin babban hutu ko ba a biya, akwai ɗaki ko babu, in ciwo ya kama mutum fa. Kunya ba ta da wuri nan. Mun ga wanda sai da Agusta ta zo ya ji cewa watan hutu ba albashi. A Yuli 2024 Najeriya ta sa mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, amma ƙananan makarantun kuɗɗi da yawa ba su kai nan.

Iyayenmu, ga inda muke so ku saurara da kyau. In kun ji dubbai na naira, kada ku auna su da jikka. Sefa ɗaure take da kuɗɗin Turai, yuro guda sefa 655 da ƴan kai, tun 1999 ba ta motsa ba. Naira kuwa an sake ta a Yuni 2023. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Albashin da ke da nauyi a Kano, in ya biyo ta hannun mai canji ya iso nan, sai ku ga ya koma kamar ganyen da anka dafa. Ga shi a biranen can kuɗɗin hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya kafin a ba ka makulli. Ga katifa, ga tukunya, ga tufafin shiga aji. Watannin fari duk nan suke tafiya.

Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum da kuɗɗinshi a banki ba shi samun na cefane. Saboda haka kowane mushe shi ɓoye kuɗɗin motar komowa gida, da sefa, kada shi taɓa su ko da mi. In ya zauna daidai, akwai ƙarin samu wajen koya ma fatake da ɗalibai da marece, amma da sanin hedimasta.

6. ZAMAN GARI

Baƙo da mai masauki shike shiga gari. Satin fari a kai shi shi gaida mai unguwa da liman da shugaban ƴan Nijar na wurin. Shi riƙa zuwa suna da jana'iza na unguwa, don wanda ba a gani ran kukan wani, ba a zuwa nashi. Maganar siyasa kuwa shi bar ma masu ƙasa. Tun juyin mulkin Yuli 2023 gwamnatocin biyu sun sha samun saɓani, za a tsokane shi a ɗakin malamai don a ji bakinshi. Amsa ɗaya ta isa: mu dangi ne, Allah shi daidaita manya.

Game da tsaro, kun san halin da dajin iyaka ke ciki. A yi tafiya da rana, a motar tasha. Kafin a karɓi aiki a makarantar kwana ta bayan gari a tambayi mutanen wurin, don ba mu manta da Ƙanƙara ba, inda anka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disamba 2020. Ɗiyanmu mata masu zuwa koyarwa kuwa, a sauke su cikin gida mai iyali wanda ƙungiya ta sani, mutuncinsu da kwanciyar hankalinku duk suna nan.

Akwai ciwon da ba a faɗi, shi ne kewa. Ba ta zuwa satin fari, sai wata na biyu ko na uku, in ɗoki ya wuce, aji bai karɓu ba tukuna, aljihu ya bushe. Lokacin ne yaro kan ce ƙasar ba ta karɓe shi ba, shi fara duban hanyar tasha. Yawancin masu komowa a nan suke karyewa. Wanda ya samu mai ce mashi "mu ma ta nan munka biyo, daure ka kai hutun fari", galibi shina kai ƙarshen shekara.

7. ROƘONMU GA IYAYE

Mun san halin gida. Mun san abin da anka sayar kafin mu gama lakwal, ba mu manta ba. Amma wanda ya dasa mangwaro ba shi girgiza shi shekarar fari. In waya ta yi ƙara kullum, yau taki, gobe biki, jibi ragon suna, yaro ba shi iya ce ma uba babu. Sai shi ci bashi shi aiko, wata na gaba shi ci wani don shi biya na fari, daga nan shi fara kashe waya don kunya, ku kuwa ku ce birni ya cinye shi. Ku kira shi ku tambayi lafiyarshi da ta ajinshi, ku sa mashi albarka, ku kashe waya ba ku roƙi kome ba. Wagga waya ta fi mashi guzuri.

Ku yi mashi uzuri kan gona kuma. Lokacin shuka da noman fari shina tsakiyar zango na uku, ga jarrabawa gabanshi. Sai wajen maimai za shi iso, kuma kafin a yanke gero ya koma. In ya bar aji ya zo shuka, wani za a ba kujerar. Ba ƙin gida ba ne, kalandar can ce haka.

Ku tuna da mushen Dahome da na Togo da sunka koyar da na farinmu a ƙasar nan, ba su jin ko sannu da Hausa. Waɗanda gari ya ba ɗaki da fura da haƙuri sun zauna, sun fidda likitoci da ma'aikata. Yau ɗiyanku ne a matsayinsu a garin wasu.

8. ABIN DA MUKE SO ƘUNGIYA TA DUBA

Na ɗaya, a buɗe littafi wurin magatakarda, a rubuta duk ɗan garin nan da ke zaune a biranen can wanda ya yarda shi sauki sabon malami wata uku.

Na biyu, a ware wani abu daga asusu don rancen kuɗɗin mota da na takardu, a fara biya bayan wata shidda, ba riba.

Na uku, taro shi yi magana ɗaya cewa ba a ɗora ma sabon malami kuɗɗin ƙungiya ko na biki a shekararshi ta fari, sai abin da ya kawo don kanshi.

Na huɗu, duk takardar ɗaukar aiki a nuna ma ɗaya daga cikinmu shi karanta kafin a sa hannu.

Na biyar, tsofaffin littattafan karatu na CI da CP da ke kwance cikin akwatuna ana ba gara, a tara mana su, can suna da tsada kuma suna da wuyar samu.

Mu kuma ga namu alkawari gaban iyaye: duk wanda ya zo hutu cikinmu za shi ba yaran garin nan darasin Ingilishi kyauta, sati uku, da safe kafin a tafi gona ko da marece, yadda diraktan lakwal da mai gari sunka ga ya dace.

Iyakar abin da ke bakinmu ke nan. Shawara ta rage ga manya. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da ƙasashenmu lafiya, shi tsare matafiya, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Allah shi maida kowa gidanshi lafiya.